Ƙafar Mota Ɗaya da Firintar Fatihu

Zuwa ga Alhaji Hafizullahi, Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Firamaren Tudun Gawo, Sabon Birni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ni ne Malam Lawwali Gangara, wanda ya koyar da kai lissafi a aji biyar da aji shida. Na rubuto ne in kawo ƙarar Fatihu mai cajin waya, in kuma nemi ƙungiya ta gyara ɓarnar da aka yi mini, domin da hannunta a ciki. Za ni faɗi maganar tun daga tushe, ko da ka san wani sashe nata, saboda ina so a karanta takardar nan a gaban 'yan kwamiti, kada gobe wani ya ce bai ji ba.

Ka san motata. Duk wanda ya zauna a ajina ya san ta. 'Yar ƙaramar motar ɗaukar kaya ce mai bodin katako, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. A shekarar da aka turo ni makarantar na je tasha da tef ɗin awo, na yi yini biyu ina auna wata babbar mota da ke jigilar gero zuwa Isa, tun daga bamba har sakatar ƙofa. Kowane awo na raba shi gida ashirin da huɗu. Wani maƙeri a Gangara, Allah ya jiƙansa, ya ƙera mini ƙarafan, ni kuma na sassaƙa bodin da hannuna. Shekara talatin da huɗu ina tura ta a kan tebur ina nuna wa yara abin da ake nufi da ma'auni. Ƙafarta ta gaba ta hagu ce ta ɓace ranar da na kwashe kayana daga ofis. Ƙafa ɗaya tak, faɗinta milimita arba'in da biyu.

Da ƙungiya ta sanar da bikin cikar makaranta shekara hamsin, kai da bakinka ka roƙe ni a ajiye motar a teburin baje koli. Na amsa. Abin da na sa a raina shi ne ranar bikin ta tsaya a kan ƙafa huɗu, in tura ta sau ɗaya a gaban waɗanda na koyar. Ban nemi fiye da haka ba.

Kuskurena guda ne: na faɗi wannan magana a teburin mai shayi da safe, Fatihu yana zaune.

Ga waɗanda ba su san shi ba a cikin kwamiti, Fatihu ɗan Naja'atu ne, mai rumfar cajin waya a bakin kasuwa, wanda ya rubuta wa kansa "Injiniya" da jan fenti a allon rumfar. Shi ne bara ya haɗa injin ƙyanƙyashe ƙwai da tsohon firji, matan Kurawa suka kawo masa ƙwan zabi sittin, bayan kwana uku ya mayar musu da su dafaffu. Shi ma ɗalibina ne, kuma ban taɓa ɓoye haka ba, ko da yake ba na alfahari da shi.

Ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, ƙafa guda ta ka damunka? Duniya ta wuce maƙera. Yanzu firinta ka buga ƙafar mota, awa takarda."

Na ce na karanta labarin irin waɗannan na'urori, kuma ba wasan yara ba ne.

Ya ce, "Shi ya sa ban kira yaro ba. Ni za ni sawo ta. Ƙafarka za ni fara bugawa kyauta, daga nan in buɗe Kamfanin Ƙera Motoci na Gobir. Ƙanana za mu fara, don a saba. Baɗi war haka, Maliki, ba ka ƙara zuwa Sakkwato neman kayan gyara."

Maliki direba ne, bas ɗinsa ke zirga-zirga tsakanin nan da Isa da Sakkwato. Ya ce, "Allah shi sa. Amma ka bar min bas ɗina ɗanye, kada ka dafa shi."

Fatihu bai kula shi ba. Ya ciro waya ya nuno hotunan na'urori uku da wani ɗan kasuwa a Kano ke sayarwa. Da yake bayanin da Turanci yake, ni na sa tabarau na karanta masa, kuma akwai shaidu. Ta farko zaren roba take narkarwa tana jera shi, aikinta da kaushi, ba ta dace da abu ƙanƙane ba. Sauran biyun da wani ruwan roba suke aiki, ana kiransa rezin. Ana zuba shi a faranti, haske ya riƙa bugunsa daga ƙasa yana daskarar da shi shafi bayan shafi, kowane shafi ya fi ɓawon albasa sirantaka, har abin ya fito. Ɗaya ƙarama ce, amma ta fi fitar da ƙananan layuka, irin zanen da ke jikin taya. Ɗayar ƙatuwa ce, ta masu buga kaya da yawa, ga cin wuta.

Na ce masa ƙaramar ce ta aikinmu. Na ce tare da ita sai an sayi akwatin wankewa da busarwa, da safar hannu. Na ce kuma na'urar ba ta san mota ba, ba ta san taya ba, sai an zana mata abin a kwamfuta da awonsa an ba ta. Wannan na faɗa sau uku, na ukun ina buga tebur.

Ya dube ni da tausayi, ni da na koya masa riƙe fensir. Ya ce, "Malam, ka taɓa shiga kara ka baro bajimi tsaye ka jawo ɗan maraƙi?"

Na ce ba shanu muke saye ba.

"Duk saye saye na." Ya danna waya ya aika wa ɗan kasuwar saƙon murya. "Alhaji, wagga babbar, kilo nawa ta?" Amsa ta zo cewa ta haura kilo ashirin. Ya juyo yana murmushi. "Kun ji ko? Ƙaramar fa?" Aka ce kilo biyar. Ya yi tsaki. "Kilo biyar, ko tunkiyar kirki ta fi ta. Alhaji, ƙirjinta fa, faɗinsa nawa?"

Maliki ya ce, "Tambaye shi haƙora nawa ta fidda. Kuma a zagaya da ita mu ga ko tana ɗingishi."

Mutane suka yi dariya, Fatihu ya ɗauka yabo ne. Da na sake tuna masa akwatin busarwa, sai ya nuna sama da yatsa. "A Gobir za ni sayi abin shanya? Ga rana nan kyauta tun safe har marece. Wanga akwati na mutanen da ba su da rana na." Zancen zane kuwa ya ce in bar masa, na'ura mai kilo ashirin ba a koya mata aiki.

A ranar ya sayar da babur ɗinsa.

Bayan mako biyu kaya suka iso Sakkwato, Maliki ya ɗauko su. Fatihu ya je Isa ya tarye su, ya hana a ɗaure kwalin a saman mota tare da buhunan albasa. A kujerar gaba aka zaunar da shi, aka ɗaura masa bel, shi kuma Injiniya ya tsuguna a bayansa yana riƙe da shi ta wuya, duk ramin da aka faɗa sai ya ce wa Maliki ya ji tsoron Allah. Wani dattijo da aka tayar daga kujerar ya tambaya ko marar lafiya ne a ciki.

Da aka buɗe kwalin a rumfa, na nemi littafin bayani. A shafi na biyu an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a bar hasken rana ya taɓa ruwan da ke faranti, kuma jan murfin da ke rufe na'urar don haka aka yi shi. Na ja layi biyu a ƙarƙashin maganar da jan biro, na fassara masa, na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu cikin ladabi, ya ninke littafin, ya cusa shi ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

"Ka gani, Malam? Ya yi amfani."

Gaskiya ɗaya za ni faɗa don kada a ce na zalunce shi: na'urar ta yi aiki. Rumfarsa da duhu, ya tayar da janareta, ya zuba ruwan, ya danna abin da ya fara gani a allonta. Bayan awa huɗu sai ga wata 'yar hasumiya tsawon yatsa tana rataye. Wannan samfuri ne da masu na'urar suka sa a cikinta don gwaji, na karanta haka a littafin kafin ya shiga ƙarƙashin tebur. Fatihu ya fito da ita bakin hanya a tafin hannu kamar an yi masa haihuwa.

Maliki ya juya ta ya ce, "To, wane sashe na mota na wanga?"

"Salansa."

Washegari ya sake dannawa, hasumiya ta sake fitowa. Ya ce wannan fulogi ne. Ta uku ya ce fistin. Kafin mako ya ƙare yana da hasumiya goma sha ɗaya a jere a kan kanta, kowacce da sunanta, duk kuwa uwa ɗaya uba ɗaya. Maliki kan tsaya kullum ya ɗauki ɗaya ya ce, "Injiniya, wagga giya ta ko burki? Na mance." Fatihu kuma ya amsa masa da gaske.

Inno ce ta fara kawo kuka. Tsohuwar da ke sayar da fura da nono a jikin rumfarsa, shekara da shekaru. Ruwan robar nan yana da wani wari mai hawa kai, masu shan fura suka fara ɗaukar ƙwaryarsu suna komawa gindin bishiyar bedi.

Ta leƙa ta ce, "Kai ɗan Naja'atu, mi kaka dafawa ciki nan? Ko ƙudajena sun yi ƙaura."

"Inno, warin ci gaba na. Haka Turai take wari."

"To Allah shi ba su haƙuri. Hannunka fa, mi ya same shi?"

Hannuwansa sun yi ja sun kumbura, yana ta susa, domin da hannu tsirara yake tsamo hasumiyoyin. Ya ce mata jinin injiniya ne ke motsi.

Sai zancen jarka. Tun da ya ƙi sayen akwatin wankewa, sai ya sayo jarkar sifirit irin na asibiti yana wanke kayan a kwano. Wani ya shinshina ya kai labari, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa ɗan Naja'atu ya fara ajiye abin maye a rumfa. Dattawa biyu daga masallacin kasuwa suka zo bincike. Maimakon ya nuna musu takardar da ke jikin jarkar, sai ya ce za ya gwada musu cewa wannan mai ne na inji, ba abin sha ba. Ya tsiyaya a ƙasa ya ƙyasta ashana. Wutar sifirit ba a ganinta sosai da rana. Yana cikin cewa "kun ga ko kamawa bai yi ba" zanar rumfar ta kama. Inno ce ta kashe wutar da ƙwaryar nono guda, dattawan suka tafi da farin gemu fiye da yadda suka zo, aka kuma bar maganar a kan cewa yaron ba mashayi ba ne, abin nasa ya fi haka.

Duk wannan ina gefe ina kallo, domin ba motata ba ce ke ƙonewa. Saura kwana goma biki na je na tambaye shi ƙafata. Na rubuta masa awon a takarda: faɗi milimita arba'in da biyu, kauri goma sha ɗaya, ramin tsakiya uku.

Ya duba takardar a juye ya ce, "Wato yatsa biyu da ɗan ƙari."

Na ce milimita arba'in da biyu.

"Malam, abin da ya hana ta fiddo taya, ba ta taɓa ganin taya ba. Hasumiya aka nuna mata a can, ita ta riƙe. Kai ma in ka kai takarda fotokwafi, ai sai ka ba injin ta gani. Ka kawo motar in nuna mata ƙafar dama, ta kwafo ta hagu."

Na ce masa ba fotokwafi ba ce, ba ta da ido, zane take bi. Na ce akwai masu yin irin wannan zane a Sakkwato, ya aika musu da awon. Ya ce ba za ya kai sirrin kamfani Sakkwato ba. Na ce to motata ba za ta taka rumfarsa ba ko da a kan ƙafa uku za ta mutu. Na tafi gida na sa ta a kabad.

A nan ne, Alhaji, hannun ƙungiya ya shigo. Ranar kasuwa na tafi Isa da sassafe wajen tantance 'yan fansho. A ranar ka rubuta takarda cewa a tattara kayan baje koli a kai makaranta, kuma cikin duk mutanen garin nan ba ka sami wanda za ka aika gidana ba sai Fatihu, wai don shi ne ya ce yana da lokaci. Mai ɗakina Mairama ta ga takarda da hatimin ƙungiya, ta buɗe kabad ta ba shi. Ban ga laifinta ba.

Mun dawo daga Isa a bas ɗin Maliki rana tana tsaka. Tun daga nesa muka ji lasifika. A filin da ke tsakanin 'yan hatsi da 'yan tumaki an kafa tebur, an jawo waya daga janareta, ga na'urar a kai tana ƙyalli cikin rana. Mutane sun yi da'ira, har masu raƙuma daga ƙetaren iyaka sun tsaya. Fatihu yana tsakiya cikin babbar riga sabuwa mai ruwan bula, ya ɗaga wani abu sama da hannu biyu.

Maliki ya taka burki ya ce, "Malam, halan waccan ba motarka ba ta?"

Ban san lokacin da na sauka ba. Ina kutsawa ina jin sa yana cewa, "Jama'ar Gobir, yau za ku ga abin da ba a taɓa yi ba daga nan har Maraɗi. Mota mai ƙafa uku za ta shiga, mai ƙafa huɗu za ta fito."

Na ce, "Fatihu, ajiye motar nan."

Ya ce a lasifika, "Ga mai ita nan ya iso. Ku ba Malam wuri gaba, shi ya koya min, yau za ya ga ɗalibi ya wuce shi."

"Na ce ka ajiye ta. Kuma ka mayar da na'urar nan inuwa."

"Malam shina tsoro. Haka mutanen da suke, ko jirgi sunka gani sai su yi salati."

Wani daga cikin taron ya ce ai masu rufa-ido ma haka suke yi, a ɓoye abu cikin akwati a fiddo shi. Wannan magana ta soki Fatihu. Ya ce shi ba ɗan dabo ba ne, ba ya aiki a ɓoye. Ya kama jan murfin ya cire shi, ya ɗora a kan buhun dawa.

Na ce, "Shafi na biyu, Fatihu. Layi biyu na ja maka."

Bai ko waiwayo ba. Ya tuttula ruwan robar har farantin ya cika, wani mai launin ƙasa, ya kama motata ta baya ya dulmiya gabanta a ciki, bamba da fitilu da ƙafar dama da sandar ƙafafun duka. Na yunƙura, mutum biyu suka riƙe ni, suna cewa in bari a ga ikon Allah.

"Yanzu tana kallon ƙafar," in ji shi. "A ba ta minti goma ta haddace."

Ya cika minti goman da jawabi. Ya ce a nan za a gina kamfanin, 'yan tumaki su fara neman wani wuri. Ya ce za ya ɗauki ma'aikata ɗari biyu, kuma wanda ya taɓa yi masa dariya kada ya kawo takarda. Ya jingina da teburin yana bayani, hannun babbar rigarsa ya sauka cikin farantin bai sani ba. Ranar nan kuwa irin wadda ke fasa ƙasa ce, babu ko ɗigon girgije.

Inno ce ta fara lura, tana tsaye da ƙwaryarta a ka. Ta ce, "Ɗan Naja'atu, kununka shina hayaƙi."

"Aiki na yake yi."

"Ya yi fata kuma. Ni dai in nawa ya yi haka, sauke shi nika yi."

Ya duba. Saman ruwan ya daina motsi. Ya taɓa da yatsa, ya janye da sauri don zafi. Ya yi 'yar dariya ya ce an gama da wuri, na'urar ta fi yadda ya zata kaifin kai. Ya kama bayan motar ya ja. Ba ta motsa ba. Ya ƙara ja. Ya sa ƙafa ya dafe teburin ya ja da ƙarfi, sai farantin ya ɓalle daga jikin na'urar gaba ɗaya ya taso tare da motar, tare da hannun rigarsa. Na'urar mai kilo ashirin ta tuntsura ta faɗi ta baya cikin tumaki, allonta ya tsage, janareta ya yi tari ya mutu.

Fatihu yana tsaye, mota da faranti suna lilo a hannun rigarsa.

Maliki ya matso ya sunkuya ya leƙa ta ƙasa, ya ƙirga da yatsa a hankali. Ya miƙe ya ce, "Jama'a, a yi mai adalci. Da ƙafa uku ta shiga. Yanzu biyu nika gani."

Ban taɓa jin kasuwa ta yi dariya irin ta ranar ba. Masu awon gero suka bar mudu suka zauna a ƙasa. Fatihu yana ta cewa ruwan jabu aka sayar masa, wutar janareta ce ta yi yawa, wani ne ya yi masa baki. Ya nemi guduma, na ce duk wanda ya kusanci motar nan da guduma sai dai mu kwana a gaban alƙali. A ƙarshe tela aka kira ya yanke hannun rigar da almakashi, Injiniya ya fita daga kasuwa da hannu ɗaya dogo ɗaya gajere, yara suna bin sa suna tambayar fistin nawa ne.

Na kai motar wajen maƙera uku. Kowanne ya juya ta ya ce robar ta shiga kowane lungu ta zama dutse, in aka sare ta da bamba da fitilu za ta tafi. Na dawo da ita gida a haka, hancinta a kafe cikin faranti, ƙyallen rigar Fatihu a manne a gefe.

Na ce ba za ni kawo ta biki ba. Kai ka zo har gida ka roƙe ni, ka ce tsofaffin ɗalibai daga Kaduna da Abuja ita suke tambaya, a kawo ta ko yaya take. Na ji nauyinka na bayar.

Ranar biki na iso na tarar da cunkoso a teburin. Na matsa ina jiran a yi mini jaje. Sai na ji wani babban ma'aikaci, wanda na yi wa bulala a kan jadawalin bakwai, yana cewa, "Kai, wanda ya yi wannan ya san hanyarmu. Haka motar gero ke kafewa a gulbi da damina, wallahi har launin lakar." Wani ya nuna ƙyallen rigar ya ce ga ma tamfol ɗin ya faɗa ruwa. Suna ta ɗaukar hoto. A gaban motar an jingina kati da rubutun sakataren ƙungiya: "Mota a Cikin Laka. Aikin Injiniya Fatihu."

Shi kuma yana tsaye a gefe cikin wata rigar aro, yana bayani. Da kunnena na ji ya ce, "Awo, da gangan na yi. Mota tsaye kowa na iya ƙera ta. Kafewar ita ta aikin." Da ya hango ni ya ce, "Ga Malam nan, shi ma ya taimaka da katako."

Kafin in sami bakin magana aka kira shi a lasifika, ka miƙa masa takardar yabo da hannunka, aka tafa. Ni aka ba ni lemo.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake yi ba. A karɓo takardar yabon nan daga rumfar Fatihu, inda ya rataye ta a wurin da wuta ta ci. A aika wa duk wanda ya ɗauki hoto bayanin gaskiya, da sa hannunka, domin na ji hoton ya kai har Legas da sunansa a ƙasa. Ƙungiya ta nemo wanda ya san aikin, ko a Sakkwato ko a Kano, ya duba ko akwai hanyar raba motata da farantin nan ba tare da an karya ta ba, kuma kada a sake aiko mini da wanda ya ce yana da lokaci. Shekaranjiya Fatihu ya turo a tambaye ni ko ina da wata motar, wai direbobi uku sun ba shi aikin irin wannan. Ku ja masa kunne tun ban je da kaina ba.

Na ji an ce kwamiti na so a bar motar a ofishin hedimasta don yara su riƙa gani. Na yarda, bisa sharaɗi ɗaya. A yage wancan katin a gabana, a sa wanda na rubuta na haɗo da takardar nan. Kada a ƙara masa harafi, kada a rage. Ga abin da ke jikinsa:

"Motar Malam Lawwali Gangara. Ta yi shekara talatin da huɗu tana tafiya, sannan ta haɗu da Fatihu."

Ina jiran amsa a rubuce kafin Juma'a.

Malam Lawwali Gangara,
Tsohon malamin lissafi, Firamaren Tudun Gawo.